Gyaren da Ka Zuba wa Sannu-Sannu

Zongo, Kwatano
Fabrairu, 1991

Ya Tahirou, sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana! Ya iskar teku mai shigowa Zongo bayan la'asar ta share wa kowa zufar yini! Ya inuwar da na zaɓa da kaina cikin dukan itatuwan garin nan! Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Na fara da sunayen da na saba kiranka ne domin bakina bai iya kiran sunanka gatsal ba. Amma kada su ruɗe ka. Da fushi nake rubuta su, ba da ɗoki ba.

Me na roƙe ka, Tahirou? Zinariya na roƙa? Leshi na ce ka ɗauko mini daga kasuwar Dantokpa? Ranar da aka aiko cewa Gwaggo Raïmatou tana kwance a Jugu, da hannuna na ɗauki akwatin gilashin nan na kai ɗakinka, domin a gidanmu babu mai yarda ya matso kusa da shi. Na ce maka ga Sannu-Sannu, macen gizo-gizon marigayi Baba, babbar nan mai gashi wadda 'yan makarantar lekol ke kira migal. Na gaya maka ta daina cin abinci, bayanta ya yi baƙi yana ƙyalli, ta toshe bakin raminta da saƙa, wato lokacin saɓarta ya gabato. Na ce kada ka ba ta komai, ruwa kawai za ka riƙa zuba mata a marfin kwalba. Na ce in ka gan ta kwance rigingine, ƙafafu sama kamar gawa, ba mutuwa ta yi ba, tsohuwar fata take tuɓewa, ka ja ƙofa ka ƙyale ta. Ka dafa ƙirji ka ce amanata amanarka ce. Da wannan maganar na shiga mota, da ita na yi jinyar Gwaggo hankalina kwance.

To me na dawo na tarar? Tsohuwar fata a yashe a gefe. Ita kuma a dunƙule a lungu, jiki laushi kamar ƙwan da bai yi ɓawo ba, ƙafafu biyu na hagu babu su, ga rauni a bayanta yana tsatsar da ruwa. Ga gyare kuma, ƙosassu, suna tsalle a kanta kamar awaki a kan juji! Na dube ka, ka dubi bango. Ka ce ba ka san yadda aka yi suka shiga ba. Haba! Yaushe gyare ya koyi ɗaga marfin da aka danne da dutse? Ni ka kalla ka faɗa wa haka, ni da nake gane ƙaryar mai sayen atamfa tun kafin ya gama sallama?

Fourera ƙanwarka ce ta gaya mini, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa, kuka take yi tana faɗi. Abokanka na parti ne suka biyo ka shan shayi bayan mitin. Ka cika baki cewa wadda za ka aura tana kiwon dodo mai cafke abinci kafin ƙiftawar ido. Aka ce a gani. Ka yaye zanen da na rufa, sai ga ta kwance rigingine, ta fara fitowa daga tsohuwar fatarta. Suka fashe da dariya, suka ce dodon naka ya riga mu gidan gaskiya. Kunya ta kama ka. Sai ka zaro tsinken tsintsiya ka dinga tsokanarta don ta motsa. Da ba ta motsa ba ka juye mata gyare. Ana cikin haka mota ta yi oda a waje, kuka zuba a guje zuwa manna hotunan ɗan takara a kasuwar Missèbo, ka bar ta da su, ba ka sake leƙawa ba sai da ɓarna ta gama faruwa.

Da wani ne ya yi, wallahi da na ce rashin sani ne. Amma kai? Kai, Tahirou?

Ka manta shekarar da aka zo aka tafi da Baba tare da malaman da suka yi yajin aiki? Ka manta yadda ƙofar gidanmu, gidan Malam Badarou, ta zama kamar ramin kura, masu cin tuwonmu jiya suna tsallaka titi don kada a gan su suna gaishe mu? Kai ne ka zo. Ka same ni zaune gaban akwatin nan ina kuka, domin Baba ne ke nemo mata abinci, ni ban san ta inda ake farawa ba. Ba ka yi mini dariya ba. Ka ɗauki gwangwani ka ce in biyo ka. Damina ce, muka bi gefen layin dogo da yamma lis muna ɗaga duwatsu, ka hango wani ƙaton gyare ka kai masa wawura, santsi ya kwashe ka, ka zauna daɓas cikin taɓo da farin kaftaninka na Juma'a. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, dariyar farko tun ranar da aka tafi da Baba. Ka tashi kana ɗigar laka, ka miƙo mini gwangwanin da hannu biyu kamar mai miƙa turaren Makka. A ranar zuciyata ta fita daga hannuna. Samarin Zongo sun kawo mini sarƙa, sun kawo agogo, ni kuwa na faɗa son mai gwangwanin gyare!

Kai ne ka riƙa kai wa Baba abinci inda aka tsare shi, kai ne ka dawo kana mamaki cewa bayan ya tambayi lafiyata, abin da yake fara tambaya shi ne ko Sannu-Sannu ta ci. Da aka sako shi da tarin nan da ya zauna masa a ƙirji, kana zaune kusa da shi lokacin saɓarta ta ƙarshe a idonsa. Ka miƙa hannu za ka taɓa gilashin, ya riƙe maka wuyan hannu. Ya yi maka bayani yadda yake yi wa ɗalibansa, cewa a wannan halin har haƙoranta laushi gare su, gyaren da take ci kullum shi ne zai juyo ya ci ta. Da kunnenka ka ji. Bai kai ga ganin wannan zaɓen da kuke ta kwarmato a kansa ba, shi da ya ba da huhunsa dominsa. Abin da ya bar mini mai numfashi guda ɗaya ne, shi ne ka mayar abin nishaɗin masu shan shayi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Na tsaya gabanka hawaye na zuba, ka ce mini, ƙwaro ne fa, Ruwaida. Washegari kuma ka aiko mini da wata irinta a gwangwanin madara, wai an kamo maka a dajin Kalavi. Wayyo Allah! Kofi ka fasa da za ka biya ni da sabo? Na san ƙwaro ce. Ba ta san sunana ba, ba ta taɓa murnar ganina ba, ba kuma za ta yi ba. Amma tana gidanmu tun ban iya ɗaura ɗankwali ba. Saboda ita maƙwabta suka ce muna tsafi, na haɗiye. Saboda ita wasu matan suka daina aiko 'ya'yansu ɗiban wuta a gidanmu, na haɗiye. Ban taɓa zaton cewa ranar da za a cuce ta, da hannun da nake jiran ya riƙe nawa za a yi ba.

In kana son sanin halin da take ciki, ga shi. Na tsince gyaren ɗaya bayan ɗaya, na dawo da akwatin gida. Na barbaɗa garin sitaci a kan raunin da bakin gashin kaza har ruwan ya tsaya. Na jiƙa auduga na ajiye kusa da bakinta, na rufe akwatin da zane mai duhu, na hana kowa buga ƙofar ɗakin da ƙarfi. Rumfata a Missèbo a rufe take tun ranar da na dawo, abokan cinikina sun koma wajen 'yan Najeriya da ke gefe. Ba zan ba ta abinci ba sai haƙoranta sun yi baƙi sun yi ƙwari, ko da zuciyata za ta tsage don ganin yadda ta rame. Baba ya ce ƙafar da ta fita tana iya tsirowa a saɓa ta gaba, in rai ya kai. Yau da hantsi ta ja jiki da ƙafafun da suka rage ta kai bakin ruwa. Na durƙusa na yi hamdala. Kuma ka san abin haushi? Kai ne mutumin farko da na so in gaya wa.

Wannan shi ne ciwona, ya hasken asubata, ya zumar da ta zo da harbi! Ina fushi da kai, amma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in leƙa ko kai ne, in ga zemijan ne, mai babur ɗin haya, ya sauke wata. Wace irin zuciya ce wannan Allah ya ba ni, mai son wanda ya ƙona ta?

Kawu Boureima ya kira ni, ya ce ran Juma'a yana son jin bakina a kan ranar ɗaurin aure bayan sallah. Tambaya ɗaya ce ta hana ni barci, kuma kai kaɗai ke da amsarta. Wata rana ni ce zan kwanta ba ni da ƙarfin kare kaina, kan gwiwa ko kan gadon ciwo. A ranar, in abokanka suka yi dariya, wa za ka zaɓa? In kuma ka yi kuskure, idona za ka kalla ka faɗa, ko bango?

Ka mayar da baiwar Allahn nan ta cikin gwangwanin madara dajin da aka kamo ta, da hannunka, ba aike ba. Sannan ka zo kafin Juma'a, kai kaɗai. Ba na son tsaraba, ba na son rantsuwa. Ka zauna a kan tabarma ka faɗa mini abin da ka yi daga farko har ƙarshe da bakinka, kada ka rage ko tsinken tsintsiyar. Zan yi kuka, wataƙila in faɗa maka maganar da ba ka taɓa ji daga gare ni ba. Ka daure ka zauna har in gama. In ka iya wannan, ni da kaina zan je wajen Kawu in ce a sa rana.

In kuwa ba ka zo ba, kada ka yi zaton zan buɗe wa wani ƙofa. Babu wani. Teku zai daina dukan gaɓa kafin in kira wani namiji da sunayen da na kira ka da su. Zan zauna da sonka da fushinka a ƙirji ɗaya har su tsufa tare, kuma alhakin duka biyun yana wuyanka.

Taka, wadda ba ta yafe ba tukuna, ba kuma za ta taɓa zama ta wani ba,

Ruwaida 'yar Malam Badarou