Kabad ɗin da Baba bai taɓa yi ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yar jaririyarku da har yau a hoto kaɗai muka san ta. Allah ya raya ta, ya ƙara maka buɗi a wurin aiki. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene da kanta tana shanya duk da mun hana. Babbar 'yata ta ci jarrabawa, ƙaramin kuma ya fasa gilashin tagar kicin da ƙwallo ya ce iska ce. Baban yara yana nan yana fama da motar nan tasa da ta fi kwana a wurin makaniki fiye da a ƙofar gida. Baba ma jikinsa ƙalau. Zuciyarsa ce ba ƙalau ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro.

Na san za ka ce me ya yi zafi har da wasiƙa a zamanin nan. To, sau huɗu na kira ka ba ka ɗaga ba. Na bar maka saƙon murya na minti shida, kai kuma ka mayar mini da hoton hannu ya ɗaga babban yatsa. Auta, ni ka ɗaga wa yatsa? Ni da na goye ka har bayana ya ƙage? Ko ba ka saurara ba ne, ko kuwa ka saurara ko a jikinka, ban san wanda ya fi muni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda takarda ba ta da wurin dannawa a wuce. Ka sani raina a ɓace yake, kuma ba zan yi maka kara ba.

Ka tuna bara da ka zo hutu, ka zauna a kan benci a shagon Baba, ka ce kafinta kamarsa bai kamata a ce mutanen layinmu kaɗai suka san shi ba, za ka buɗe masa shafi a intanet duniya ta ga aikinsa. Na goyi bayanka, ban manta ba. Baba ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma kafin ya amsa, ya ce ya yarda, amma kada a rubuta abin da bai faɗa ba, kada a nuna abin da bai yi ba. Ka yi dariya ka ce wannan ai ba sai an faɗa ba. Ni na bi gidajen mutane da wayata ina sallama, ina roƙon a bar ni in ɗauki hoton gado da tebur da kujerun da Baba ya yi musu. Hoto goma sha ɗaya na tura maka. Wata tsohuwa sai da ta kwashe kwanukanta kaf daga kan kanta don katakon ya fito sosai a hoto.

Da ka koma, kullum sai ka turo mana labarin filogin, 'yan ƙananan manhajojin nan da ka ce ana liƙa wa shafi kowanne ya riƙa wani aiki. Yau ka sa mai karɓar oda, gobe mai aika saƙo da kansa, jibi mai kawo hotuna masu kyau. Har ka yi mana alfahari sun kai ashirin da uku. Umma ta tambaye ni ko wata irin ƙusa ce, na ce kusan haka. Laifina a nan, kuma na amsa shi, shi ne ban duba ba. Shafin ya yi wa wayata nauyi, sai ya yi ta juyi ba ya buɗewa, na gaji na bari. Na ce ai ɗan gida ne ya yi, ɗan da ya tashi da garin katako a gashin kansa, me zan bincika?

To ga abin da filogin ɗinka suka haifa. Ranar Talatar makon jiya da hantsi, Baba yana yanka katako, Kawu mai fenti yana shafa wa wata ƙofa mai, ni kuma na kawo musu abinci, sai ga motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin shago. Wata mata ta sauko da kayan aikin asibiti a jikinta, ma'aikaciyar jinya ce, daga aiki ta biyo. Ta gaishe mu da fara'a ta ce ta zo ɗaukar kabad ɗinta. Muka kalli juna. Baba ya ce wane kabad, 'yata? Ta ciro waya ta nuna masa: wani farin kabad mai ƙyalli kamar faranti, ƙofofinsa na zamewa gefe, har da fitilu a ciki. A saman hoton ga sunan shagon Baba ɓaro-ɓaro. Ta ce mako biyu da suka wuce ta zaɓe shi a shafinmu, nan take aka amsa mata an karɓi aikinta. Ta ce jiya kuma saƙo ya shigo mata cewa an kammala, ta zo ta ɗauka. Saboda haka ta kyautar da tsohon kabad ɗinta, kayan sawarta da na 'ya'yanta suna cikin buhuna a tsakar ɗaki, ta nemi izini a wurin aiki, ta ɗauko mota.

Auta, wa ya amsa mata? Wa ya ce an kammala? Ba Baba ba, ba ni ba, ba Kawu ba. Wani abu ne da ka liƙa ka saita masa kwana goma sha huɗu, yana zaune yana yi wa mutane alƙawari da bakin mahaifinka. Odar kuma tana tafiya wani akwatin saƙo da kai kaɗai ke da mabuɗinsa, kai kuma ba ka buɗewa. Kai da ka san Baba! Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa cewa to a kan aiki ba sai ya taka da ƙafarsa ya ga ɗakin. Sai ya auna bango, ya duba ko ƙasa ta karkace, ya auna faɗin ƙofar da za a shigar da kayan, ya rubuta awon da fensir a kan guntun katako, ya jefa a aljihu. Sau nawa ka riƙe masa bakin tef ɗin awo? Mutumin da ba ya yarda da awon da aka faɗa masa a waya, shi ka sa na'ura tana karɓar masa aiki daga mutanen da bai taɓa gani ba.

Baba ya karɓi wayar matar, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce mata cikin natsuwa wannan ba aikinsa ba ne, ba ma katako ba ne, garin katako ne aka danne da gam aka lulluɓe da roba, kuma shi bai taɓa yin irinsa ba. Ana cikin haka, wayar tana hannunsa, sai wani ɗan rubutu ya ɓullo daga ƙasan shafin. Ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Da bakina na karanta wa Baba cewa wani ya sayi irin wannan kabad minti biyu da suka wuce. Kafin in rufe baki wani ya sake ɓullowa, wai wata ta sayi gado. A ƙasa kuma ga taurari biyar-biyar, ga mutane da sunaye suna yabon kayan da ba a taɓa yi ba. Matar nan ta fusata, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Ta ɗaga murya har mai walda ya kashe injinsa, mai facin taya ya tsallako titi. A gabansu ta ce, "Baba, da furfurarka kake yaudarar mutane?"

Ka san abin da Baba ya yi? Bai ce ɗana ne ya yi ba. Ni na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga mini hannu. Ya ba ta haƙuri, ya ce sunansa ne a kai, don haka laifinsa ne. Ya ɗauki tef ɗinsa da guntun katako ya shiga gaban motar nan da ta zo ɗaukar kaya, ya bi ta har gida ya auno ɗakin. Da ya dawo ya ce bangon nata ma a karkace yake, ko da wancan na hoton ya samu ba zai zauna ba. Ya ajiye duk aikin da ke gabansa ya fara yi mata kabad na katakon gaske. Ita ta huce, har ta aiko da ban haƙuri a kan maganar da ta faɗa. Amma maganar ta riga ta fita, layin nan kaf an ji. Mai walda, da suke shan shayi tare kusan shekara ashirin, ya tambaye shi cikin raha ko zai ajiye masa guda cikin kabad masu fitila. Wasa yake yi, amma Baba bai sake zama a bencin mai waldan ba.

Da yamma a gida ya ce in buɗe masa shafin gaba ɗaya. Na ari kwamfutar baban yara, muka zauna a falo, Umma tana tsaye a bayanmu. Muka bi hoto bayan hoto. Gadaje masu kan fata, kujerun da ba su taɓa shiga shagonmu ba, wani kicin da ya fi gidanmu girma. Baba yana cewa in wuce, in wuce. Na gane abin da yake nema. Nasa yake nema. Muka kai ƙarshe babu ko ɗaya cikin goma sha ɗayan nan da na tura maka. Na tuna ka taɓa rubuto mini cewa hotunana sun yi duhu, bangon gidajen ya yi datti, za ka sa filogin ya kawo masu tsabta kafin a samu na kirki. Ban kawo komai a raina ba a lokacin. Baba ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "Ashe aikin nawa bai kai a nuna ba."

Wannan ce maganar da ta hana ni sukuni. Zagin matar nan kam Baba ya shanye shi. Abin da bai shanye ba shi ne ɗan da ya biya wa kuɗin makaranta da zarto da guduma ya duba aikin hannunsa ya ga abin ɓoyewa ne. Na san za ka ce ba haka kake nufi ba, kowa haka yake yi, dabarar kasuwa ce. Riƙe dabararka. Kowa ba shi ne Baba ba, kuma sharaɗi biyu kacal ya gindaya maka, ka take su duka biyun. Yanzu duk motar da ta rage gudu a bakin shago sai in ga ya ɗago kai, zarton ya tsaya a hannunsa, don ba mu san mutum nawa na'urarka ta yi wa alƙawari ba. Uku ne? Talatin ne? Kai kaɗai za ka iya dubawa. Shekaranjiya ya sa Kawu ya sauke allon sunan shago ya jingine shi a bayan ƙofa. Ya ce kabad ɗin matar nan zai kammala ranar Alhamis ta sama, idan ya kai mata ya kafa shi, ya daina aikin kafinta ke nan. Kawu ya yi magana, Umma ta yi kuka, ni na yi faɗa, shi kuwa ya koma kan aikinsa.

Don haka ka saurare ni da kyau. Ranar da takardar nan ta iso, kafin ka ci abinci, ka cire mai ƙaryar ciniki, ka cire taurarin, ka cire mai karɓar oda da mai aika saƙo, ka share hotunan aro duka. Ka buɗe akwatin nan ka turo mini sunan duk wanda ke jiran kaya da lambarsa, ni zan kira su ɗaya bayan ɗaya in wanke sunan Baba. Ka mayar da hotunana goma sha ɗaya, da duhunsu da dattin bangonsu. A ƙasa ka rubuta layi ɗaya: ba a karɓar aiki sai an zo an auna. Sannan ka ba ni kalmar sirrin shafin, tunda ni ce a nan ina kallon idon mutane. Idan shafin ba zai tsaya ba sai da ƙarya, ka rufe shi. Bayan haka ka kira Baba. Ba saƙo ba, ba yatsa ba, kira, kuma kafin Alhamis. Kada ka yi masa bayanin filogin, ba shi yake son ji ba. Ni dai na yi iya yina, allon nan ba zai koma sama da hannuna ba.

Umma tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jikarta. Kawu mai fenti yana gaisuwa, haka Goggo da baban yara da yaran duka. Ka gaishe mini da matarka da kyau, ita ba ta yi mini komai ba. Kafin in rufe na je na sami Baba a shago yana goge ƙofar kabad ɗin, na ce ina rubuta maka takarda, ko in sa gaisuwarsa. Ya ci gaba da gugarsa. Sai ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka teburin karatun da ya yi maka kana aji uku yana nan a ɗakinka, ko ƙafa ɗaya bai saki ba. Ya ce in kana jin kunyarsa ka faɗa, sai ya ba wani.

Na ɗauki hoton teburin na sa maka a cikin ambulan ɗin nan. Ɗakin da ɗan duhu, haka za ka gan shi.

Wassalam.

Yayarka, wadda ke fushi da kai kuma take jiran kiranka.