An Rufe Makarantar Baba

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara da marasa lafiyan asibitinku. Autanki ne, injiniyan babura wanda ba'a haifi na biyunsa ba. Kiyi haƙuri da rubutu, kin san hannun nan da sifana ya saba ba da biro ba.

Labari dai shine an rufe makarantar Baba. Wai sabon tsari ne, an tattara ƙananan makarantu an haɗe a babba guda can bayan tasha, mai bene, kowane yaro da kwamfuta, mota ke zuwa ɗibarsu. Namu ginin kuma sito za'a maida shi, har rufin za'a sauya.

To kin san Baba. Tunda mantuwar nan ta kama shi ba abinda ya riƙe sai makaranta. Kullum da safe ya saka riga, ya soke jan biro a aljihu, ya tafi. Malaman suna masa kara, su aje masa kujera a baranda suce sannu Hedimasta, alhali yayi ritaya tun ina saurayi. In an buga tashi ya dawo yaci abinci.

Ran litinin yaje ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Nan ya tsaya har rana ta take, saida naje na ɗauko shi. Aka kawo abinci yace ba'a tashi ba tukuna, hedimasta baya ci yara na aji. Washegari ma haka. Ruwa ma sai da dabara.

Amma kin san ɗan'uwanki, kai gare shi ba ƙwarya ba. Na samu maigadi, mutumina ne, ni ke ɗinke masa akwalar baburinsa. Ya buɗe mana aji ɗaya. Na dunƙule a benci, gwiwa har haɓa, nace Malam ga ɗalibai. Ya dube ni ya dubi sauran bencin, yace ina saura? Nace suna hanya. Sai ya ɗau alli. Da rana tayi na fita na buga tsohon wilin motar nan dake rataye a bishiya, muka koma gida ya share kwano tas.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Makarantar da gwamnati ta rufe Autanki ya buɗe. Nine minista, nine ɗalibi, nine monita.

Ki gaida kowa da kowa. Naki har kullum,
Injiniya Auta

*

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, ban yi dariya ba.

Auta, Allah ya saka maka, amma wannan ba magani ba ne. Idan aka zo cire rufin ginin fa? Shagonka kuma wa ke zama? Na gyara wa Baba ɗakin da ke kusa da nawa, akwai likitan da zai riƙa duba shi, ni kuma aikina ke nan, na san yadda ake ciyar da wanda ya ƙi ci. Ƙarshen wata zan turo mota. Ka haɗa masa kayansa.

Ka gaida matarka, ka ce ina godiya da wahalar da take yi.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Maganar mota ki barta a gareji tasha iska. Baba a gidanki wili wa zai buga masa? Kina so ki sa masa roba a hanci, mutumin da yake cin kwano guda har da ƙari? Yana hannuna kuma yana nan daram.

Bari ma kiji abin mamaki. Baba tafiya yake, amma da baya, kamar babur da giya ta ƙwace a kan tudu. Farkon buɗewarmu faɗa yake tayi akan tsarin da yayi ritaya a cikinsa, wanda aka haɗe firamare da ƙaramar sakandare. Yace an ƙara masa aji uku ba'a ƙara ko benci ba. Bayan nan ya koma tambayata ina injinan koyon sana'a da aka kawo cikin akwatuna. Kin tuna su? Waɗanda ba'a taɓa buɗewa ba don babu wuta, har ɓeraye suka gama digiri a ciki. Nace masa sifeto ya kwashe.

Yanzu kuma mun iso shekarar ilimi kyauta ga kowa. Jiya ya tsaya a ƙofa yana ta matsawa gefe, wai yara na shigowa. Ya raba su 'yan safe da 'yan yamma, yasa na kinkimi benci zuwa gindin bishiya, na dawo dashi, na sake kaiwa. Yana ta mita wai an turo masa malamai da aka dafa cikin wata uku, kuma ofis sunce kar a riƙe kowa, duk yaro ya wuce gaba ko ya iya ko bai iya ba, don na baya su samu wurin zama. Shekarar da aka sa ni makaranta kenan Yaya. Shiyasa nake gaya wa mutane ni ban taɓa faɗuwa jarabawa ba, kuma ba ƙarya nayi ba.

Baya gane ni. Ƙaton baya yake ce min. Ai ba laifi, ƙato ne ni.

Shago kuwa yana nan, masu babura sun koma wajen na tsallaken titi, zasu dawo da kansu in ya gama kashe musu inji.

Naki,
Injiniya, Ministan Ilimi

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Banga amsarki ba, nasan aiki ne.

Masu cire kwanon rufi sun zo. Sun fara da ofis da ajujuwan gabas. Maigadi ya roƙe su su bar namu ƙarshe. Ƙarar guduma kam Baba yace makaranta ake ƙara wa gini.

Mun ƙara ja baya. Yanzu muna tsohon tsari, mai aji bakwai, wanda kikayi. Ya daina ganin taron yara, ni kaɗai yake gani. Shekaranjiya yayi min shifta. Ni da gemuna. Na rubuta, ya karɓa, ya zaro jan biro, Yaya takardar nan saida ta koma kamar an yanka kaza a kai. Ya daɗe yana kallona. Yace kai ba daƙiƙi bane, ba'a tsaya a kanka bane. Zaka maimaita aji.

Nayi dariya har benci na rawa. Bai yi ba. Yace waye ubanka? Kace masa yazo gobe ina son ganinsa. Nace Malam uban nawa aiki ya masa yawa. Yace duk haka suke cewa.

Na fita na buga wili. Yaci abinci, rabi dai. Ni ban ci ba, ba wani abu bane.

Kinga dai har yanzu ni ke na ɗaya a ajinmu.

Auta

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwar jinkiri. Na fara rubuto maka ya fi a ƙirga, ina yagewa.

Ni ce rukunin ƙarshe na tsohon tsari, kai ne na farkon sabo. Abin da ke tsakanina da kai ke nan, ba ƙwaƙwalwa na fi ka ba. Na tuna shekarar. Baba yakan dawo muryarsa a dishe, ya zauna a tsakar gida bai ko cire takalmi ba. Inna ta ce masa ya duba littafinka, ya ce bari ya huta. Kai kuma ka riga ka tsere wajen masu faci.

Ɗakin yana nan a gyare. Amma ba zan turo mota ba sai ka ce. Kai ke zaune a bencin, ba ni ba.

Allah ya ba mu ikon yi masa.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Yau da muka shiga aji Baba bai je gaban allo ba. Ya zo ya zauna kusa dani a benci. Ya haɗa gwiwa, ya shimfiɗa hannuwansa a kan tebur, wai za'a duba farce. Na miƙa masa alli yaƙi taɓawa, yace na malam ne, duka za'a yi mana.

Muka zauna muna jiran malam. Sama a buɗe ta gefe ɗaya, sun fara cire namu. Na tashi na buga wili na dawo, bai motsa ba. Yace ba'a sallame mu ba.

Can ya matso kunnena yace, kai ma kamo ka akayi? Nace eh. Yace ance in an rubuta sunan yaro shikenan, baya komawa wajen innarsa. Gaskiya ne? Nace ƙarya ne, yanzu za'a zo a ɗauke mu.

Ki turo motar.

Auta