Moɗar Baffa Umaru

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya zaman Fatakwal? Mu a Danchadi sai godiyar Allah.

Zancen Baffa Umaru ne. Cikinsa ya kumbura, kuma likita a Bodinga ya ce giyar da ya koyo a bariki ta ci masa hanta. Kin san tun da ya bar aikin soja na rataye masa moɗarsa daban saboda giyar, nesa da randa, ina ganin taƙawa ce.

Jiya ko buta ta gagare shi ɗauka, na zuba masa ruwan alwala. Da ya nemi ruwan sha sai ya ce, "Ɗiyata, miƙo tawa moɗar, kada in ɓata taku." Ashe wata uku rabonsa da giya, ban ko lura ba. Ina tambayar kaina, Allah nake tsoro ko bakin mutane?

Na ba shi ruwan a moɗar gida, na shanye ragowar a gabansa.

Ki sa shi a addu'a, ki kira shi, yana yawan ambatonki. Ki gaishe mini da Malam, maigidan naki.

Yayarki,
Hadiza