Ƙasar bakin ƙofa

Laraba da dare, Dogon Dutsi

Gobe Hadiza za ta kama hanyar Yamai, daga can jirgi ya kai ta Abijan karatu. Ƙanwata, wadda ni na goya. Na ce ina taya ta murna, na kuma faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

Ni na raka ta aka yi mata allurar rigakafin ciwon shawara. Da na taso daga aiki a likita, wato asibiti, na sayo mata gidan sauro, na zaunar da ita: kada ta sha ruwan da ba a dafa ba, in zazzaɓi ya kama ta ta je a auna jini. Ta ce, "To, Yaya," idonta na kan waya.

Sai ga Inna ta duƙa bakin ƙofa, ta ɗebi ƙasa ta ƙulle a tsumma. Ta ce, "Ki zuba kaɗan cikin ruwan da za ki fara sha can, kada baƙon ruwa ya ɓata miki ciki." Wannan kam Hadiza da hannu biyu ta karɓa, har da hawaye. Daga baya na ja ta gefe na ce ta adana, amma kada ta kuskura ta sha.

Nawa katin allurar yana ƙasan akwati tun shekarar da na nemi tafiya ban samu ba. Cikin wasa na ce, "Inna, ni ba a ƙulla mini?"

Ta kakkaɓe hannuwa ta ce, "Ke mi za ki yi da ita? Ba bisanta kike kwana ba?"

Kowa ya yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙara.