Gizagon da Ka Bari a Juye

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga aminina Sanda masassaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa kana hutawa. Na san wagga takarda ba za ta iske ka ba. To ko kana raye ma, yaushe ka taɓa karanta boko? Ni ne dai zan zauna bisa guntun icce a rumfarka ta Argungu in karanta maka, kana sassaƙa kana yi mini dariya, kana cewa tsoho da furfura ya tafi ajin yamma ya koyo zanen ƙafar kaza. Yau ga zanen ƙafar kaza ya yi rana, don da shi zan yi maka albishir.

Autarka Balkisu, matar ɗana Nasiru, ta sauka lafiya. Namiji ne. Ni da kai mun yi jika ɗaya, Sanda. Da Nasiru ya kira ni ya faɗa mini, na fita har bakin titi ba hula, ina gaishe da mutanen da ban sani ba, sai da wani mai keke napep ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya. An raɗa wa yaro sunanka, Umaru. Uwarsa ba ta iya faɗin sunan, Abba take ce masa. Ni kuwa Sanda nake kiransa gatsal, don na daɗe bakina bai faɗi sunan nan da mai amsawa ba. Yana da faɗin tafin hannunka. Hancin kam nawa ne, ka yi haƙuri.

Gida lafiya. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, albasa ce dai ta ɗan ba mu kunya. Matarka Kulu tana nan da ƙarfinta da bakinta.

Amma maganar kujera ce ta sa na ɗauki biro. Ka san al'adarka: duk ɗiyarka da za ta yi haihuwar fari, kai kake sassaƙa mata kujerar wankan jego daga gungumen maɗaci guda, ba ƙusa, ba haɗi. Yayyen Balkisu duka kowa na da tata. Ta Balkisu ka fara bayan biki, ciwo ya zo ya kwantar da kai, ka tafi ka bar ta rabi icce rabi kujera. Da ciki ya tsufa aka kai Balkisu gida wurin Kulu, Nasiru ya gaya mini ta ce a sayo mata ko wace iri a kasuwa, duk zama ne. Daga nan ta juya fuska ga bango. Yayyenta sun ce za su ara mata tasu, ta ce ta gode, kowa ya riƙe abin da Baba ya ba shi. Ka san halin ɗiyarka, ba ta roƙo. Ni kuma raina ya ƙi yarda a ce ita kaɗai ce za ta yi wanka bisa kujerar da hannunka bai taɓa ba.

Na shiga mota na tafi Argungu. Kulu ta buɗe mini ɗakin kayan aikinka, wanda ba a taɓa komai a ciki ba tun rasuwarka, shara kawai take yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Kowane ƙarfe yana rataye bisa turkensa a bango, gatari, babban gizago, ƙaramin gizago mai lanƙwasa, wuƙar kankara, magagari, sai ƙarfen zane da kake sawa a wuta. Dutsen washi yana ƙasa inda ka saba aje shi, da ɗan ƙoƙon man kaɗe a gefe. Ko tsatsa babu. Ƙotocin sun yi baƙi suna sheƙi, kowace da gurbin yatsunka.

Abu ɗaya ne ya tsone mini ido. Duk kayan bakinsu na duban gabas, ƙaramin gizago kaɗai ke duban yamma. Na ce a raina, Allah sarki, ciwo ne ya sa Sanda ya yi kuskure a ranarsa ta ƙarshe, bari in gyara masa. Na miƙa hannu ke nan Kulu ta daka mini tsawa kamar ta kama akuya a rumbu. Ta ce in janye hannuna, wai shekara da shekaru ina cinye mata tuwo a rumfar nan ashe surutu kawai nake zuwa yi. Ita ta fahimtar da ni cewa in ka tashi aiki da yamma, ƙarfen da za ka fara ɗauka gobe shi kake juyawa, don kada safiya ta yi ka tsaya tunanin inda ka kwana. Ta kuma nuna mini cewa jerin kayan shi ne jerin aikin, daga dama zuwa hagu, yadda ake bin allo. Ni da bokona daga hagu na faro, da an bar ni da ƙarfen zane zan fara, in ƙona iccen da ba a gama fafewa ba.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ko ka faɗa ina tsakiyar ba ka labarin siyasa?

Na sauke gizagon nan da bismilla. Na duba kujerar, sai ga shi kuwa daidai wurin fafe mazauni ka tsaya. Kamar ka kama hannuna ka aza shi a wurin. Hannun da ya saba da lauje da fartanya bai san gizago ba, ya yi kanta ya fashe. Saranka a jere yake, kowane na hawa kan ɗan'uwansa kamar ɓawon kifi. Nawa kuwa sai ka ce inda ɓera ya gwaguyi rogo. Amma na bi bangon sannu a hankali. Da na gama da gizago na koma wuƙar kankara, daga nan magagari. Kowace yamma sai in wasa abin da na yi aiki da shi, in shafa masa mai, in rataye, in juya na gobe. Wata rana baya ya riƙe ni, na aje wuƙar a ƙasa na ce sai da safe. Ban kai ƙofar gida ba na ji kamar ka yi gyaran murya a bayana. Na koma na rataye ta.

Ƙafafun ne suka so su kunyata ni. Ɗaya ta gaza, kujera na rawa. Na rage sauran, sai wata kuma ta gaza. Na sake ragewa. Kulu ta leƙo ta ce in na ci gaba a haka, bisa faifai ɗiyarta za ta yi wankan jego. Dole na tsaya, na kwantar da hankali, na bi su kaɗan kaɗan har ta zauna daram. Ta fi na yayyenta gajarta, wannan kam ba zan ɓoye maka ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kullum tsokanarka nake yi, ina cewa kujerun roba za su kore ka daga kasuwa. Ban taɓa buɗe baki na ce aikinka na da kyau ba, don na ɗauka tsakaninmu ba sai an faɗa ba. Sai da na riƙe gizagonka na san nauyin abin da kake yi kana hira kamar wasa. Har ƙarƙashin kujera, inda ba mai dubawa, ka goge shi sumul. Turmin da ka sassaƙa wa gidana tun Nasiru na goye har gobe ana daka a ciki. Sanda, kai gwani ne. Ga shi na rubuta, ba ta gogewa.

Na gama kafin naƙuda ta zo. Ka san kunyar surukai, ban kai mata da hannuna ba, Kulu na ba, na tsaya bayan zana ina saurare. Daga baya Kulu ta gaya mini Balkisu ta juya kujerar, ta bi ta da yatsa har inda saranka ya ƙare nawa ya fara, ta ce nan Baba ya tsaya. Na zaci kuka zan ji. Sai na ji dariya, tana gaya wa uwarta cewa ta fi yayyenta, su uba ɗaya ya yi musu, ita biyu. A kanta take wanka yanzu safe da yamma, da ruwan zafi da ganyen dogon yaro, kuma an ce kujerar ko motsi ba ta yi.

Abu ɗaya na bari. Ban yi mata zanen wuta da kake yi a gefe ba, wannan hannunka ne, ba ni da shi. Na wasa kayan duka, na shafa musu mai, na mayar da kowane turkensa yana duban gabas. Ƙarfen zane kaɗai na juya. Na gaya wa Kulu kada kowa ya gyara shi. In takwaranka ya girma ya shiga ɗakin nan, zai ga inda muka kwana.

Ka huta lafiya, abokina. Allah Ya gafarta maka, Ya raya mana Sanda ƙarami, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ni ne abokin hirarka, yau kuma ɗan koyonka,
Garba na Gwadangaji.