Jinin Sarkin Surutu

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwar nan? Ya Abba da su Auta?

Kin tambayi jikanki Sarkin Surutu. Umma, jikin ba daɗi. Ko gefen tebur ya ɗan buge shi sai jini ya kwanta a wurin. In zai hau bene, sai ya zauna a tsakiya yana haki. Surutun ma ya ragu, yanzu ni ke roƙonsa ya dame ni.

Kin sha tsokanata wai likitar kwalabe ce ni, ba ni da majinyaci ko ɗaya. To, abin da nake bincike a kansa a kwalaben nan shi ya biyo ni gida. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu, kafin ta rabu biyu, sai ta kwafe saƙon gado da ke cikinta, mai kama da dogon zare. In kwafin ya cije, akwai sinadarai masu gadi da ke dakatar da aikin, su riƙe zaren kada ya tsinke, su gyara. Likitansa na zargin yaron nan ba shi da ɗaya daga cikinsu. An ɗebi jini, muna jira.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
'Yarki ta fari


Ummata,

Bayan gaisuwa, ina fata kin samu sauƙi.

Sakamako ya fito, zargin ya tabbata. Ni da babansa muka haɗu muka gadar masa da ciwon, ba mu sani ba. Na roƙa aka bar ni na duba jinin da madubin awo mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Zarurrukan duk sun kakkarye, Umma. Na saba ganin haka a wurin aiki, har hoto nake ɗauka ina murna gwaji ya yi kyau.

Ɓargonsa ya kusa daina yin jini, sai an yi masa dashe. An gwada ƙanwarsa, ta sha allura ba ta yi kuka ba, amma nata bai dace ba. Namu ma haka. Babansa ya koma wankin motar da ba ta yi datti ba.

Jiya ana ƙara masa jini ya tambaye ni ko ni zan gyara masa, tunda aikina ne. Na ce masa i. Ya yarda, Umma. Ya juya ya yi barcinsa.

Don Allah ki zo. Ba sai kin kawo komai ba.

Ki gai da Abba.

'Yarki