Ɗan Kwikwiyo Na Tara

Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Auta da Inna. Ya ƙafar Inna? Ni dai ga ni nan, shekara shida ina wanke kejin karnukan mutane, ba wanda ya taɓa ce min sannu. Na kira wayarki sau bakwai ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Cikin karnukan gadin da muke kiwo, uku sun faɗi a wata guda, jiki na karkarwa, baki na kumfa. Abin tsoron sai bayan sun farfaɗo: sukan ɗauki lokaci ba su gane kowa ba. Ɗaya ya yaga hannun abokin aikina, mutumin da ya rene shi tun idonsa bai buɗe ba.

Manaja ya ce mu ne ba ma wanke kwanuka. Likitar dabbobi kuwa, Allah ya saka mata, ba ta biye masa ba. Ta ɗebi jininsu, ta baza katunan haihuwa a tebur tana bi da yatsa. Duk ukun uwarsu ɗaya, haihuwa ɗaya. Tana zargin ciwon gado ne, ta ce sai ta duba 'yan'uwansu. Kati ya nuna su takwas ne.

Su tara ne, Maman Auta. Na taran shi ne Guntu. A nan in an haifi tsamurarre ba a rubuta shi, kawar da shi ake yi. Ni na kasa. Na ɓoye shi a kwali na kawo muku da na zo hutu. Kin ce ba kya son kare a gida, na yi miki tsawa. Ke ce mai gaskiya.

Ɗazu na faɗa wa likitar komai a gaban manaja. In za su kore ni, su kora. Ta tambaye ni ko Guntu yana cafkar ƙuda inda babu ƙuda, wai wasu da haka suke farawa. Nan take na tuna. Ke kika ba ni labari watan jiya, Auta na dariya har da hawaye don Guntu yana cizon iska.

Ki ɗaure shi da sarƙa a tsohon ɗakin kaji, yanzu, kafin ki ƙarasa karatun nan. Kada Auta ta kai masa abinci. In ya faɗi kada ku taɓa shi, ku shige ɗaki ku kulle. Auta za ta yi kuka. Ki ce mata Babanta ne ya ce, ta yi fushi da ni, ba da ke ba.

Ki gaishe da Inna. Don Allah ki kira ni, ki ba Auta wayar in ji muryarta.

Mijinki,
Baban Auta